Farin Takin Gazali

Idan ka tambayi mutanen ƙauyen nan na kusa da Gidan Amumune sana'ar Gazali, sai sun yi dariya kafin su ba ka amsa. Cewa suke yi wankin ruwa yake yi. Kuma ba sharri suka yi masa ba, don ya share shekara ashirin da ɗoriya a Yamai yana wannan aiki, a wani gida da Nasara suka yi ta haya ɗaya bayan ɗaya. A bayan gidan akwai fisin, wato wani ƙaton rami na siminti cike da ruwan da ba a sha, ba a girki da shi, ba a shayar da ko akuya. Shiga kawai ake yi a yi iyo a fito. Masu haya su zo su tafi, fisin na nan, Gazali na nan, kamar tare aka gina su.

Shi ne autan gidansu. Ubansu ya rasu yana ɗan saurayi, ya bar musu gonar gandu guda da wani irin gero da ake kira ɗan Bawa, sunan kakansu da ya zo da shi daga arewa. Gero ne mai doguwar zangarniya, mai nawa, ba ya gaggawar nuna, amma idan ya kama ƙasa yakan rufa wa gida asiri, kuma duk wanda ya sha furarsa ya san ya sha fura. Maƙwabta duk sun koma ga gajeren iri mai nuna da wuri, har dangin da suka yi aure a wasu garuruwa sun sake shi. Gidan su Gazali kaɗai suka riƙe na kaka. Wansa Na Allah ne mai gona da iri. Kowace kaka shi da kansa yake bin gonar yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a ƙololuwar rumbu, inda komai yunwa ba a kai hannu.

Gazali bai tafi Yamai don son birni ba. Wata shekara ce damina ta yi gardama, ya bi ƴan cin rani da niyyar dawowa kafin shuka, sai tsohon da ke kula da fisin ɗin, wanda idanunsa suka fara gazawa, ya ɗauke shi ya riƙa kama masa aiki. Da tsohon ya koma garinsu, aikin ya zauna a hannun Gazali. Na Allah ya aika masa cewa ya yi zamansa, gona ba za ta gagara ba. Daga baya aka aura masa Hajara, ta zauna a ƙauye cikin gidan gandu, shi kuwa sai da Sallah ake ganinsa. Ƴaƴansa mata biyu a gaban Na Allah suka girma, da geron Na Allah, kuma shi ya aurar da su.

Aikin ba shi da hayaniya. Kowace safiya Gazali zai ɗebi ruwa a wata ƴar kwalba mai baki biyu, ya ɗiga magani, gefe ɗaya ya yi rawaya, ɗayan ya yi ja-ja, daga launin ya gane abin da ruwan ke bukata. A ɗan ɗakin ajiyarsa akwai kulor, babbansu duka, farin tsaki mai warin da ke hawa ka, shi ke kashe duk wani abu mai rai a cikin ruwa. Akwai alif, wanda matan ƙauye ma sun san shi, mai tattara dauɗa ya kwantar da ita ƙasa. Akwai asid, da wata farar hoda mai kama da kanwa da ke karya shi idan ya yi yawa ya fara cin idon ƴaƴan masu gida. Akwai kuma wani shuɗin ruwa na kashe gansakuka. Tsohon ya bar masa gargaɗi da bai taɓa mantawa ba: kada kulor ya haɗu da asid, kuma kada a yayyafa masa ruwa yana cikin mazubi, shi ake watsawa cikin ruwa mai yawa. Gazali ya iya aikin nan har ana iya ganin allura a gindin fisin. Abin takaicin kawai, gwaninta ce da ba ta da inda za ta zauna a ƙauyen da sai an ɗaura wa sa igiya kafin guga ya fito daga rijiya.

Idan ya zo Sallah, abokan wasa ba sa raga masa. Sarkin Ruwa suke ce masa.

"Sarkin Ruwa, in ka gama wanke shi, ina kake shanya shi?"

Yakan yi dariya tare da su, amma abin na ci masa rai. Sa'o'insa da suka tafi Libiya da Aljeriya sun dawo wani da babur yana kabu-kabu, wani da amalanke da shanun huɗa. Shi abin da yake samu bai wuce na bakin salati ba, sai atamfa da shayi da sukari. Na Allah bai taɓa tambayarsa ina abin da ya tara ba, ko sau ɗaya. Da ma zai tambaya, da ya fi wa Gazali sauƙi.

Wata damina rufin ɗakin ajiyar ya yoye, ruwa ya ɗiga cikin bokitin kulor da aka bari a buɗe. Gazali ya tura ƙofa da safe ya shaƙi abin da ya taru a ciki. Mai gadi ne ya jawo shi waje. Ya tashi, amma ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba, yana ƙara kamar tsohuwar zuga-zugi, hancinsa kuma ya mutu murus. Tun daga ranar ba ya jin ƙanshin miya, ba ya jin na ƙasa idan an yi ruwan fari, na farkon damina.

Shekarar da Nasara suka yi ta kwashe kaya suna barin Yamai, mai haya na ƙarshe ya kira shi ya yi masa godiya, ya nuna masa wani sabon bokitin kulor da ba a fasa ba, ya ce ya kai gida, zai yi amfani a rijiya. Gazali ya ɗan ƙara zama ko wani zai kama gidan. Ba wanda ya zo, aka yanke wuta, injin tace ruwa ya tsaya. Yana zaune yana kallo ruwan da ya yi wa bauta tun ƙuruciya ya koma kore, kwaɗi suka tare. Sai ya ɗaure kayansa ya hau motar Maraɗi, daga can ya kama ta Mayahi.

A gidansu al'ada ce, matafiyi ba ya shiga ɗaki da kayansa sai ya ajiye su gaban babba. Na Allah ya zauna a tabarma ya kwance ƙunshi, ya raba atamfa, ya ware shayi. Da ya zo kan bokitin sai ya tsaya. Fari ne tas, murfinsa a liƙe, jikinsa duk rubutun Faransanci, ga wasu ƙananan zane a cikin jan gida. Ya kafa wa ɗaya ido, wanda aka zana wata bishiya ba ganye, da kifi kwance a gindinta.

"Wanga hwa, Auta?"

"Maganin ruwa ne, Yaya. Mugun abu ne. Kar kowa shi taɓa."

Na Allah ya jijjiga bokitin, ya ji tsaki na motsi a ciki, ya yi murmushi ya ce to. Gazali ya ɗauka magana ta ƙare.

Maganar rijiya ba ta je ko'ina ba. Dattawa suka ce sun taɓa ɗanɗana irin wannan ruwa lokacin da aka yi amai da gudawa, shanu ma sun ƙi shi, don haka Sarkin Ruwa ya riƙe abinsa. Bokitin ya koma lungun ɗakin da ake ajiye kayan noma, aka ɗora masa tsohon buhu. Gazali ya zama mutumin da ba shi da aikin yi. Ya gwada riƙe hauya, kafin ya kai ƙarshen kunya numfashi ya ƙwace masa. Na Allah ya karɓe hauyar ya ce ya je inuwa, ai ya riga ya yi nasa aikin a Yamai. Zaman inuwar nan ya fi masa noman ciwo, ga shi da furfura yana cin tuwon da bai noma ba, kamar yadda matarsa da ƴaƴansa suka ci a bayansa.

Daminar farko da ya yi a gida ba ta yi kyau ba. An yi ta shuka ruwa na ɗaukewa, ana sakewa, abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi zangarniya. Da kaka ta zo, ɗan Bawa da Na Allah ya iya zaɓa bai cika dami ba. Ya rataye shi a ƙololuwar rumbu, gidan ya shiga rani da ƙanzo da tafasa da abin da surukai suka taimaka. Kowa a gidan ya san abin da ke rataye can sama shi ne na ƙarshe. Idan ya tafi, ba inda za a je a roƙo.

Da bazara ta yi nisa, zafi ya tayar wa Gazali da ciwon ƙirji, har aka kai shi likita a Mayahi aka riƙe shi ƴan kwanaki. A cikin kwanakin ne gabas ta fara haɗa hadari da yamma, iska ta juya. Manoman yankin ba sa jiran ruwa ya sauka idan suka ga haka, binne suke yi, wato su shuka a busasshen rairayi, ruwan fari ya tarar da iri a rami. Da aka sallami Gazali ya hau kabu-kabu, tun daga hanya ya hango gonarsu an bi ta da sungumi, sawun dugadugai a jere har gindin gawo. Ya ji daɗi, ya ce a ransa Yaya ba ya wasa.

Hajara ce ta kawo masa ruwa, ya lura ta riƙe kwanon da tafin hannu, ƴan yatsun a miƙe. Fatar kansu ta yi fari ta saɓule kamar ta wuni tana wanki.

"Mi ya samu hannunki?"

"Takin nan naka ne, Malam. Ƙarhi gare shi. Duk wadda ta yi shuka haka hannunta ya yi, har hawaye mun yi ta yi."

"Wane taki?"

"Na cikin bokiti mana. Yaya ya cuɗa da iri."

Gazali ya ajiye kwanon bai sha ba. Ya shiga ɗakin kayan noma ya ɗaga buhu. An fasa murfin, an ɗebi abin da aka ɗiba, an mayar an rufe da kyau. Ya mayar da buhun. Da hancinsa na aiki, da tun daga ƙofar gida ya san abin da ya faru.

Bayan la'asar ya sami wansa a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Na Allah mutum ne mai ƙarancin fara'a, amma ranar bakinsa ya ƙi rufuwa. Bai ma bari Gazali ya gama gaisuwa ba.

"Ka gani ko? Na san halinka, Auta. Tun kana yaro in ka yi abin kirki ɓoyewa kake. Ina ganin zanen nan na gane. Gawo ne, ba ganye, yadda yake da damina. Wa bai san geron gindin gawo ya hi na ko'ina ba? Na buɗe kuma na ga hwari ne tas kamar takin ure, har ya hi shi."

"Yaya, ba taki ba ne."

"Ban yawaita ba, kar ka damu. Na san taki in ya yi yawa shina ƙone iri. Kaɗan na sa, na yayyahwa ruwa don shi kama jikin ƙwaya. Wallahi ƙwaryar har ɗumi ta yi a hannuna."

Gazali ya tuna gargaɗin da aka yi masa. Abin da tsohon Yamai ya hana, shi aka yi, kuma a kan ɗan Bawa.

"An rage iri?" ya tambaya a hankali.

"Mi za a rage? Da ƙyar ma ya kai ƙarshen gona."

"Yaya, ka saurare ni don Allah. Abin nan kashewa yake. Aikinshi ke nan, duk abin da ke da rai in ya taɓa shi sai ya mutu. Itacen da ka gani matacce ne, kihin ma matacce ne. Shi ya ci mini ƙirji."

Na Allah ya ajiye ƙotar. Fara'ar ta bar fuskarsa, amma ba tsoro ne ya maye gurbinta ba, ɓacin rai ne.

"In don na taɓa ba ka nan ne, ka hwaɗi kai tsaye. Na ɗauka abin da ya shigo gidan nan na gidan nan ne. In ka aje shi don ka saida, sai in biya ka da kaka."

"Subhanallahi, Yaya. Ni da kai?"

"To bari ka ji. Shekara nawa ana yi maka dariya a garin nan, ana ce maka mai wankin ruwa? Kana tsammani ba ta yi mini zahi? Na hwaɗa musu a masallaci, na ce bana za ku ga abin da ƙanena ya kawo daga Yamai. So nake in gero ya tashi a ce guminka ne. Ka bar ni in yi wannan, Auta."

Gazali ya dubi wansa. Mutumin da ya ciyar masa da mata, ya aurar masa da ƴaƴa, bai taɓa neman komai a wurinsa ba, yau ya roƙe shi abu ɗaya. Ya buɗe baki zai sake magana, tari ya sarƙe shi, kafin ya lafa an kira magariba, Na Allah ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari da sassafe ya ja Hajara gefe ya gaya mata komai. Ita ta yarda nan take, don hannunta ya riga ya gaya mata. Ta ce a tara gida a tone. Ya ce wa zai tara su, alhali mai gidan ya ce taki ne? Kuma ko an tara gari duka, wa ya taɓa tsince gero daga rairayi bayan an binne? Duk da haka suka tafi su biyu, suka fara daga can ƙarshen gona inda ba a hango su daga gari. Gazali ya durƙusa yana bin sawun dugadugai, ya tona da yatsu, ya ɗebo rairayin a tafin hannu ya hura. Wani ramin ya samu ƙwaya biyu uku, wani ya rasa inda suka shige. Ga farin tsakin nan kwance a tsakaninsu, ƙanana, ba su narke ba tukuna. Yana ganinsu ya san abin da ya rage: ƙwayar da ta tsira daga ƙwarya, ruwan fari zai narkar mata da guba a cikin ramin da ba ta da wajen gudu.

Kafin rana ta take, numfashinsa ya ƙare. Ya zauna dirshan a ƙasa ya dubi abin da suka bi, bai kai inuwar gawo faɗi ba, ya dubi sauran gonar ta miƙe har inda ido ya gaji. Abin da suka tsinto bai cika tafin hannu ba. Hajara ta ƙulle shi a bakin zanenta. Suka sake komawa washegari, da wanda ya bi shi, har wani makiyayi ya gan su ya kai labari gari cewa Sarkin Ruwa ya gama da ruwa ya koma wankin ƙasa. Na Allah ya ji, bai yi dariya ba, bai kuma tambaye shi ba. Gaisuwa kawai ta rage a tsakaninsu.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Gari ya fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, aka juya riguna, liman ya yi addu'a. Gazali na cikin sahu, hannuwansa a sama, ya rasa abin da zai roƙa. In ya ce a yi ruwa, ya roƙi mutuwar ɗan Bawa. In ya ce kada a yi, ya roƙi yunwa ga gari duka, kuma wane Musulmi ne zai buɗe baki ya faɗi haka? Ya ce amin tare da mutane, hawaye na bin gemunsa, na kusa da shi suka ɗauka tsoron Allah ne.

Ruwan ya sauka wata ranar da azahar, mai yawa, irin wanda ake kira na shuka. Yara suka fita tsirara suna tsalle, mata suka jera tukwane a bakin indararo. Hajara ta ce ƙanshin ƙasa ya cika gari. Gazali yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ruwan na nutsewa cikin rairayi. Ya san daidai abin da ke faruwa a kowane rami a gonar nan, don ya yi shekaru yana kallon farin tsakin nan na narkewa, yana jin daɗin ganinsa ma.

Da ruwan ya tsagaita ya ce Hajara ta kwance ƙullin. Ya wanke ƙwayoyin da ruwa mai yawa, ya sake wankewa, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya naɗe, ya sa a ƙarƙashin randa inda ke da sanyi. Kowace safiya yakan buɗe ya duba, yadda yake duba ƴar kwalbarsa a Yamai. Gonakin maƙwabta suka fara tsaga ƙasa, kore siriri a jere. A cikin tsumman ba abin da ya motsa. Ƙwayoyin sun yi fari fat, sun yi tsabta, ko fumfuna ba ta kama su ba. Ya matsa ɗaya da farce, ta fashe ta zama gari.

Gonar gandu ta kwanta fayau tsakanin gonaki masu kore. Can da can wani tsiro ya leƙo, rawaya, ya yi kwana kaɗan ya kwanta. Mutane suka riƙa wucewa ta gefenta suna sauke murya. Ba wanda ya sake ce wa Gazali Sarkin Ruwa, kuma sai a lokacin ya gane tsokanar ma wata alfarma ce. Wani surukinsu ya kawo gajeren iri cikin ƙwarya, ya ajiye a zaure bai jira godiya ba. Aka sake shuka da shi, don ciki ba ya jira.

Ranar da aka gama, da yamma, Na Allah ya aika a kira ƙanensa. Gazali ya same shi a gindin rumbu, zaune a ƙasa, yana murza igiyar da aka saba ɗaure damin iri da ita. Cikin ƴan kwanakin nan ya tsufa. Gazali ya durƙusa, ya shirya jin duk abin da za a gaya masa, har yana fatan a zage shi.

"Auta, ka yahe mini," in ji Na Allah. "Na yi ta tunani. Ba laihin takinka ba ne."

"Yaya..."

"Bari in gama. Ɗan Bawa ne ya tsuhwa. Iri ma shina gajiya, kamar mutum. Tun bara na ga alama, na ƙi yarda. Ka kawo abu mai kyau na ɓata shi a kan mataccen iri, na sa aka yi maka dariya. Ni Baba ya bar ma amana, a hannuna kuma ta ƙare."

Na Allah ya kau da kai. Gazali ya dube shi, ya kasa gane ko wansa ya yarda da abin da yake faɗi, ko kuwa ya riga ya gane gaskiya yana neman inda zai ajiye ta don kada ta faɗa kan ɗayansu. Idan ya ce kulor ne, ya gaya wa dattijon nan cewa da hannunsa ya ƙone gadon ubansa bayan an gargaɗe shi. Idan ya yi shiru, ya bar kakansu da laifin. Ya duba ko'ina bai ga maganar da za ta dawo da ƙwaya ɗaya ba.

Na Allah ya share fuska da hannun riga, ya naɗe igiyar ya miƙa masa.

"Ka ɗaure murhin bokitin nan da kyau, kar iska ta shiga. Sauran da yawa. In Allah ya kai mu baɗi, sai mu sa ma sabon irin."

Gazali ya karɓi igiyar da hannu biyu, yadda ake karɓar abu daga babba.

"To, Yaya," ya ce.